Kalmar kisa a cikin labaran matsafa: misalin Harry Potter

Wannan ɗan nazari ya shafi wani reshe na adabin Ingila da Amurka, watau ƙagaggun labaran matsafa masu sandar sihiri. Tambayar da muka sa gaba ita ce: idan marubuci ya bai wa matsafi ikon kashe mutum da kalma guda, mi zai hana labarin ƙarewa tun shafin farko?

Sai mun fara da batun suna. A Hausa muna da baki, da tsinuwa, da sammu, da jifa, amma babu wanda ya dace sosai. Bakin uwa yana bin haƙƙi, kuma sannu a hankali yake cin mutum. Jifa daga nesa ake yin sa, a ɓoye. Abin da muke magana a kai kuwa ido da ido ake yin sa, kuma nan take yake aiki. Don haka muka zaɓi mu kira shi kalmar kisa.

C. S. Lewis ya nuna inda irin wannan kalma take kaiwa in ba a yi mata linzami ba. A cikin The Magician's Nephew (1955), sarauniya Jadis ta furta wata kalma da ta kashe duk mai rai a duniyar Charn, ita kaɗai ta saura. Lewis bai rubuta kalmar ba, kuma ya aje abin a can baya, kafin zuwan jaruman labarin, domin bayan irin wannan furuci babu sauran wanda za a ba da labarinsa.

J. K. Rowling ta bi wata hanya a cikin littattafan Harry Potter guda 7 (1997 zuwa 2007). Ta bar kalmar a hannun mutane da yawa, sannan ta kewaye ta da sharuɗɗa. A littafi na 4 (2000) ne aka yi bayaninta a aji, inda malami ya gwada wa ɗalibai haramtattun sihirce-sihirce guda 3 a kan gizo-gizo. Na farko yana ƙwace wa mutum ikon kansa, na biyu yana gana azaba, na uku, Avada Kedavra, yana kisa. Fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard, wadda yawancin ɗalibanmu za su fi samu, ta kira su Sortilèges Impardonnables. Wanda ya yi wa ɗan'adam ɗaya daga cikinsu, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne a gidan kason Azkaban. Rowling ta faɗa a shekarar 2004 cewa ta samo kalmar daga harshen Aramiya, kuma ta danganta ta da abracadabra, wadda likitan Rum Serenus Sammonicus ya ce a rubuta a laya don maganin zazzaɓi. Ke nan kalmar warkarwa ce marubuciyar ta juya ta zama ta kisa.

Yadda take aiki a fili yake: haske tsanwa ya fita daga sanda, wanda ya samu ya faɗi matacce, ba rauni ba jini. A farkon littafi na 4, likitocin da suka duba gawawwakin iyalin Riddle ba su ga dalilin mutuwarsu ba, sai alamar firgita a fuskokinsu. Babu sihirin da ke tare ta. Amma tana tafiya kamar kibiya, ana iya goce mata, ana iya sa wani abu a tsakani, kamar yadda Dumbledore ya yi da mutum-mutumi a littafi na 5 (2003). Wannan shi ne sharaɗin da ya bai wa marubuciyar damar rubuta faɗa.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne niyya. Malamin nan ya gaya wa ɗalibansa cewa ko da dukansu za su nuna shi da sandunansu su furta kalmar, da wuya ya yi ko haɓo. A littafi na 5, Harry ya jefi Bellatrix da sihirin azaba cikin fushin mutuwar Sirius, abin bai kama ta sosai ba, ita da kanta ta bayyana masa cewa sai mutum ya so cutar har cikin zuciyarsa. A ganinmu nan ne tushen tsarin. Mai harbi da bindiga yana iya cewa kuskure ne, ko hannunsa ne ya goce. Mai kalmar kisa ba shi da wannan mafita, domin mutuwar kanta shaida ce a kan abin da ke ransa. Littafi na 6 (2005) ya ƙara da cewa kisan kai yana tsaga ran mai yin sa, kuma da wannan tsagewar ce Voldemort ya rarraba ransa cikin wasu abubuwa don gudun mutuwa.

Sai dai littafin nan na 6 ya kawo wata matsala. Snape ya kashe Dumbledore da kalmar, ta kuwa yi aiki. Daga baya muka gane cewa da yardar Dumbledore aka yi, wanda sihirin wani zobe ya riga ya ci hannunsa, kwanansa bai wuce shekara ba. Ashe ƙiyayya ba dole ba ce, ƙudurin kisa ya wadatar. Ko ran Snape ya tsage? Shi kansa ya yi wannan tambaya, Dumbledore ya mayar masa da ita, marubuciyar kuma ba ta yanke hukunci ba. Muna ganin wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a cikin jerin duka.

Kariyar ma daga niyya take fitowa. Harry ya tsira yana jinjiri domin an bai wa uwarsa Lily zarafin kaucewa ta ƙi, ta ba da ranta. Kalmar ta koma kan mai ita, ta bar wa yaron tabo a goshi. Mahaifinsa James ma ya mutu yana kare su, amma ba a ba shi zaɓi ba, don haka mutuwarsa ba ta haifar da kariya ba. Komawar kalmar kan Voldemort a littafi na 7 (2007) ba ta gamsar da mu haka ba: sandar ta ƙi kashe Harry ne sabili da shi ne mai ita na gaskiya, tunda ya ƙwace makamin Draco, wanda ya ƙwace na Dumbledore. Abin ya fi kama da shari'ar gado.

Dokar ma tana da giɓi. Molly Weasley ta kashe Bellatrix da wani sihirin da ba a ambaci sunansa ba, babu wanda ya tuhume ta. A yaƙin farko, Barty Crouch babba ya halatta wa jami'ansa haramtattun ukun. Harry kansa ya yi aiki da biyu daga cikinsu a littafi na 7, har da na azaba a kan Amycus Carrow, kuma wannan karon ya kama. Kalmar kisa ce kaɗai marubuciyar ba ta taɓa sa wa a bakinsa ba, har a karonsa na ƙarshe da Voldemort, inda ya furta sihirin ƙwace makami.