Ƙwallo da Kuɗi: Labarin Jami'o'in Ikilisiya Biyu a Amurka

A ƙasar Amurka ƙwallon jami'a ba wasan yara ba ce. Irin tasu ce ta ɗauka a hannu a ruga a guje, kuma filin wasan Jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Gidajen talabijin na zuba maƙudan kuɗi don nuna wasannin, musamman tun 1984 da Kotun Ƙoli ta hana hukumar NCAA riƙe wannan ciniki ita kaɗai. Masu horarwa suna kwasar miliyoyi, amma shekara da shekaru doka ta haramta biyan ɗaliban da ke karye ƙafafu a fili. Ladansu shi ne karatu, abinci da makwanci kyauta. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Jami'ar SMU da ke Dalas, wadda 'yan Metodis suka kafa a 1911, ta faɗa cikin wannan tarko. Attajiran da ke goyon bayanta sun riƙa biyan 'yan wasa a ɓoye, ko bayan an yi mata gargaɗi. Da asiri ya tonu, hukumar ta soke wasanninta na 1987, ita ma da kanta ta haƙura da na 1988. Gwamnan jihar Tekzas, Bill Clements, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwar jami'ar, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biya. Sai da bishop-bishop na ikilisiyar suka kafa kwamitin bincike. Abin kunya ya taɓa sunan masu bi duka.

Ita kuwa Notre Dame, wadda Fada Edward Sorin na Katolika ya kafa a 1842, ta ƙulla yarjejeniya a fili da gidan talabijin na NBC a 1990, ta kuma zuba kaso mai tsoka na kuɗin a asusun tallafa wa ɗalibai marasa hali, har da waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallo ba.

Daga baya al'amura suka juya. A 2021 aka yarda ɗalibi ya ci kuɗin talla da sunansa. A 2025 kotu ta amince jami'o'i su biya 'yan wasa kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 kowace jami'a a shekarar farko, tare da diyyar dala biliyan 2.8 ga na baya.

Mu ma ikilisiyoyinmu sun shiga kafa jami'o'i, irin su Bingham ta ECWA a Karu, tun 2005. Kuɗi za su shigo ta ƙofofi da yawa. Tambayar da ya kamata dattawa su riƙa yi ita ce: ta wace ƙofa suka shigo, gumin wa ya kawo su, kuma wa ya amfana? Allah ya ba shugabanninmu riƙon amana. Amin.