Ba a Fita da Kayan Tarihi Sai da Izini

Ana jawo hankalin jama'a, musamman malaman jami'o'i da ɗalibansu masu bincike, cewa doka ta hana fita da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ce ta kafa hukumar, tana kuma aiki har yau.

A wurin doka, kayan tarihi sun haɗa da abin da masana suka tono daga ƙasa, kamar gumakan yumɓu na Nok, da kuma sassaƙa da ƙira da rubuce-rubucen hannu waɗanda aka yi kafin 1918.

Sau da yawa mai bincike yakan bukaci aika abin da ya tono zuwa ɗakin gwaji a ƙasashen waje domin a gano shekarunsa. Wannan nufi ne mai kyau, amma ba ya ɗauke masa neman izini. Izinin haƙa daban yake, na fitarwa daban, kuma takardar jami'a ba ta isa a wuce da kaya gaban ma'aikatan kwastan ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne, abin da ya fita da wuya ya dawo. Kayan fadar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta maido da waɗansu daga cikinsu.

Saboda haka duk mai bukata ya nemi bayani tun da wuri a gidan tarihi mafi kusa, kamar na Legas ko Jos ko Kaduna.