Zanen Hotunan Manya a Turai: Misali Daga Aikin John Singer Sargent

A shekarar 1874 ne waɗansu masu zane a birnin Paris, cikinsu har da Claude Monet, suka baje kolin ayyukansu da wani sabon salo. Maimakon su tsaya fitar da kowane silin gashi, sai su kama yadda haske ke faɗa wa abu a ƙiftawar ido, su shafa fenti da sauri su wuce. Aka yi wa salon laƙabi da kalmar da ke nufin abin da ido ya fara ɗauka. Ba a daɗe ba masu zana hotunan attajirai da matansu suka ari wannan hanya, irin su Giovanni Boldini mutumin Italiya, da Anders Zorn na Suwidin, da kuma John Singer Sargent, Ba'amurke haifaffen Florence (1856-1925).

Matsayin waɗannan mutane ya yi kama da na makaɗin fada: ubangida ke biya, kuma yabo yake jira. Saboda haka gwanintarsu ba ta tsaya ga kamanta fuska ba, sai da iya kambama mutum ba tare da an yi wa ido ƙarya ba. Wanda ya kuskure wannan ma'auni yakan ɗanɗana kuɗarsa.

Sargent ya ɗanɗana a 1884, sa'ad da ya kai hoton Virginie Gautreau, matar wani ɗan banki, babban baje kolin Paris. Ya zana ta tsaye cikin baƙar riga, ta juya kai gefe, fatarta fara fat, igiyar rigar ta kafaɗar dama ta zame. Wannan 'yar igiya ita ta ta da ƙura. Jama'a suka ce an zubar wa matar aure mutunci, uwarta ta roƙe shi ya janye hoton, ya ƙi. Daga baya ya mai da igiyar bisa kafaɗa, amma masu ba da aiki sun riga sun ja baya, har ya ƙaura zuwa London. Can ne hoton Lady Agnew, wanda aka nuna a 1893, ya sa manyan Ingila suka yi ta tururuwa zuwa ɗakin zanensa.

Mai son ya gane daɗin irin wannan aiki sai ya dube shi sau biyu. In ya matsa kusa da rigar Lady Agnew, ba zai ga kome ba sai shafe-shafen fari da shunayya, kamar an yi su da ganganci. In ya ja da baya taku biyar ko shida, sai siliki ya bayyana yana ɗaukar ido. Haka shi kansa Sargent yake aiki: ya ja baya ya duba, ya matso ya ɗora burushi sau ɗaya. In fuska ba ta yi masa ba, sai ya kankare ta ɗungum ya sake, don kada wahalar da ya sha ta nuna.

Yabon manya dai ya gundure shi. Wajen 1907 ya daina karɓar yawancin irin wannan aiki. Hoton Gautreau kuwa ya riƙe shi fiye da shekara talatin, kafin ya sayar wa gidan adana zane na Metropolitan a New York a 1916, da roƙon kada a sa sunan matar. Shi ya sa ake kiransa Madame X.