Yadda masu tara tsoffin sulalla ke kauce wa sayen jabu

Tara tsoffin sulalla sha'awa ce mai cin kuɗi, kuma akasarin masu yin ta ba ƙwararru ba ne. Ga shi maƙeran jabu sun iya aikinsu, har ido kaɗai ba ya isa ya bambance na gaske da na bogi. Shi ya sa masu saye suka koma ga dabarun da ba sa buƙatar dogon karatu.

Ta farko ita ce sanin tarihin abin da za a saya. Misali, liyari, sulen azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, wanda ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. An ci gaba da buga shi bayan rasuwarta, amma shekarar 1780 ake sa wa kowanne. Wanda bai san haka ba sai ya biya kuɗin tsohon kaya a kan sabon bugu. Haka nan anini da kwabo mai huda na zamanin mulkin mallaka: an buga su da yawan gaske, don haka tsufansu kaɗai ba ya sa su tsada.

Ta biyu ita ce awo. Liyari na gaske nauyinsa kusan giram 28 ne, kuma azurfar cikinsa kashi 83 ce cikin 100. Ƙaramin sikeli zai tona asirin jabu da dama. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya. Idan ya kama, magana ta ƙare. Sai dai rashin kamawar ba shaida ba ce, domin tagulla ma ba ta kamuwa.

Ga sulalla masu tsada kuwa, ana dogara ne da kamfanonin tantancewa. PCGS da aka kafa a Amurka a 1986, da NGC da ya biyo baya a 1987, suna duba sule, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin roba mai lambar shaida. Tunda ita ma robar ana yin jabunta, mai saye kan binciki lambar a shafin kamfanin, ya gwada hoto da abin da ke hannunsa.

Sauran kariyar tana wurin ciniki: dillalin da aka san shagonsa, rasit mai cikakken bayanin sulen, da yarjejeniyar mayar da kaya idan an gano matsala. Sule mai ƙyalli fiye da kima shi ma abin tsoro ne, domin gogewa tana rage masa daraja. Idan farashi ya faɗi ƙasa da kuɗin azurfar da ke cikin sulen, to a haƙura, araha ba ta ado.