Ƙumar ruwa, kurkunu da zafin rana

Da damana ta sauka a Korgom, cikin gundumar Tasawa, tabkuna kan cika, mutane da dabbobi su yi ta ɗiba. A cikin irin wannan ruwa akwai wata halitta da ba ta wuce ƙwayar gero ba, dangin jatan lande ce, masana na ce mata siklof, ko ƙumar ruwa. Ita ce masaukin kurkunu, kamar yadda Barushe Fedcenko ya gano wajen 1870.

In mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa a tabki don ya ji sanyi, tsutsar sai ta amayar da dubban ƴaƴanta. Ƙumar ruwa ta haɗiye su. Cikin ruwa mai ɗumi, mako biyu sun isa su ƙosa. Wanda ya sha ruwan ba tacewa, bayan shekara guda tsutsa mai tsawon kusan mita za ta ɓullo masa, sau da yawa daidai lokacin noma.

Ita ma ƙumar ba ta tsira ba. Wadda ke ɗauke da tsutsa takan yi nauyin jiki, ta kwanta ƙasan ruwa. Masana sun lura cewa dangoginta da dama, in cuta ta zauna musu a ciki, juriyarsu ga zafi kan ragu. An ga haka a gaɓar tekun ƙasar Danmak a 1990: zafi ya yi yawa, katantanwa suka saki tsutsotsi ba iyaka, tsutsotsin suka shige jikin wasu ƙananan dangin jatan lande masu zama cikin laka, cikin ƴan makonni suka mutu kusan ƙarƙaf, alhali su ne abincin tsuntsaye da kifi. Ke nan zafi na ƙara wa cuta ƙarfi, yana kuma karya wanda ke ɗauke da ita.

A Nijar, sanin raunin wannan ƴar halitta ya yi rana. Binciken 1991 ya ƙidaya masu kurkunu fiye da 32.000, kuma jahar Maraɗi na cikin inda abin ya shafa. Ba allura, ba ƙwayar magani. Sai aka auka wa ƙumar: tace ruwa da ƙyalle, tafasa shi, zuba maganin Abate a tabki, gina rijiyoyi da famfuna. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu da cutar daga ruwan cikin ƙasar, Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tabbatar da kawar da ita a 2013.

Sai dai ƙumar na nan cikin tabkuna, kuma a 2023 an samu kurkunu a Cadi, jikin mutane da karnuka. Fatake da ma'aikata masu ketare iyaka su riƙe wannan: ruwan tabki, a tace shi kafin a kai baki. Rigakafi ya fi magani.