Iska ko ruwa: Zaɓin da ke gaban mai sayen babban babur na hannu

A kasuwannin tsofaffin babura na Turai, ba abin mamaki ba ne mai saye ya tarar da babura biyu masu suna ɗaya, na kamfani ɗaya, waɗanda shekara ɗaya tak ta raba ƙirarsu, amma injinansu sun bambanta kamar dare da rana. Ɗaya iska ce ke sanyaya shi, ɗayan kuma ruwa.

Wannan zaɓi ya fi fitowa fili a manyan babura marasa rigar roba, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da tsirara saboda injinsu a fili yake. Misalin da ya fi dacewa shi ne Bandit na kamfanin Suzuki na ƙasar Japan, wanda aka daina ƙera manyansa, amma har yanzu ake cinikin tsofaffinsa.

Yadda aka rabu biyu

Bandit 600 ya shiga kasuwar Turai ne a 1995, babban yayansa Bandit 1200 kuma ya biyo baya a 1996. Dukansu sun gaji wata dabarar sanyaya inji da Suzuki ya fito da ita a 1985 a babur ɗinsa na tsere GSX-R750: iska na dukan siraran ƙarafan da ke jikin silinda kamar haƙoran matsefi, yayin da ake watsa baƙin mai da yawa a kan injin da ƙarƙashin fistin domin ya kwashe zafi. Man kan bi ta wani ƙaramin lagireto a gaba ya huce, sannan ya koma.

A nan ne wasu masu saye kan ruɗe, su ɗauka na ruwa ne don sun ga lagireto. Idan jikin silinda na da waɗannan haƙora masu zurfi, kuma babu tulun ruwa a ko'ina, to mai ne ke zagayawa a ciki.

A 2007 Suzuki ya sauya injinan baki ɗaya. Bandit 650 da sabon Bandit 1250 suka fito da ruwa, aka kuma maye gurbin kafireto da injekta. Dalilin shi ne dokar taƙaita hayaƙi ta Tarayyar Turai da ake kira Euro 3, wadda ta hau kan dukkan sabbin babura a wannan shekara.

Injin iska zafinsa na hawa da sauka gwargwadon gudu da yanayi, don haka dole a bar 'yar tazara tsakanin ƙarafansa saboda kumburi, a kuma ba shi fetur fiye da kima don ya rage zafi. Sakamakon haka shi ne hayaƙi da ƙara. Injin ruwa kuwa yana zama a zafi kusan guda, wajen digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyas, abin da ke ba shi damar ƙona mai tsaf. Irin waɗannan dokoki ne daga baya suka kawar da Yamaha XJR1300 daga Turai, Honda ma ya yi bankwana da CB1100 a 2021.

A kan takarda, Bandit 1200 da 1250 kusan ƙarfinsu ɗaya, wato ƙarfin doki 98. Sai dai sabon ya fi jan kaya, kuma jansa na kai wa maƙura tun injin na juyawa sau 3,700 a minti, ga giya 6 maimakon 5. Farashin da aka biya shi ne nauyi: Bandit 650 na ruwa ya ɗara na iska da fiye da kilo 10.

Abin da shekaru ke ci

Babu jayayya cewa ruwa ya fi iska iya sanyaya inji. Amma mai sayen na hannu ba sabon babur yake saye ba. Mafi ƙuruciyar Bandit na iska ƙirar 2006 ne, na ruwan farko kuma shekara ɗaya kacal ya ba shi. A irin wannan tsufa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me zai lalace, kuma wa zai iya gyara shi.

Injin ruwa na ɗauke da lagireto, da famfon ruwa, da fanka mai aiki da lantarki, da na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya idan zafi ya kai, da tiyo-tiyo na roba. Kowannensu na iya tsayar da tafiya. Roba kan bushe ta tsage, famfo kan fara ɗiga, fanka kan mutu ba tare da sanarwa ba. Idan ruwa ya tsiyaye kuma mahayi bai lura ba, 'yan mintoci sun isa kan injin, wanda na alminiyam ne, ya karkace, gasket ya ƙone. Bugu da ƙari, a babur marar riga babu abin da ke kare lagireto, faɗuwa ɗaya a gefe ko tsakuwa daga tayar gaba na iya huda shi.

Ruwan kansa ba na famfo ko rijiya ba ne. Ana haɗa tataccen ruwa ne rabi da rabi da sinadarin da ke hana tsatsa, a kuma canza shi kusan duk shekara biyu. Ruwan rijiya na barin ƙanzo a cikin hanyoyin lagireto, yana kuma cin alminiyam a hankali, ɓarnar da ba a ganinta daga waje.

Injin iska ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, illa ƙaramin lagireton mai da tiyonsa. Nasa ciwon daban ne. Tun da baƙin mai ne ke ɗaukar kaso mai yawa na zafin, man kan gaji da wuri, kuma wanda ya yi sakaci da juye shi ya bar wa mai saye zoben fistin da suka ci. Ga kafireto har huɗu da ke toshewa idan babur ya daɗe a ajiye, waɗanda kuma sai an daidaita su su yi aiki tare. Ana duba bawul ɗinsa duk kilomita 12,000, na ruwan kuwa sai 24,000. To amma na tsohon da sifana da sukudireba ake saita shi, na sabon kuma sai an kwance saman injin an nemo ƙananan faranti masu kaurin da ya dace.

Haka lamarin yake ga Monster na kamfanin Ducati na Italiya, wanda ya fara da iska a 1993 kafin a ƙara samfurin S4 mai ruwa a 2001. Na ruwan ya fi gudu nesa ba kusa ba, amma bawul 4 gare shi a kowace silinda maimakon 2, kuma kuɗin aiki na bin yawan bawul.

Idan babur ya baro Turai

Wasu daga cikin waɗannan babura kan ƙare ne a Afirka ta Yamma, inda lissafin kan ɗan sauya. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Babban injin iska da ya maƙale a cunkoso a irin wannan rana ba shi da mai taimakonsa, domin sai yana tafiya yake samun iska. Na ruwa kuwa fankarsa za ta tashi. Ga wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da shi wajen na ruwa, muddin ya tabbata an kula da shi.

Ga mai doguwar tafiya tsakanin garuruwa, tsohon injin ya fi kwanciyar hankali. Bakaniken da ya saba da Boxer da Jincheng na 'yan acaɓa, waɗanda duk na iska ne masu kafireto, zai gane abin da ke gabansa ko da girman ya ninka. Injekta kuwa na buƙatar batir mai ƙarfi da fetur mai tsabta, kuma idan famfon da ke cikin tanki ya mutu, ba a gefen hanya ake samun wani ba. Ƙurar hunturu ba ta bar kowa ba, tana toshe lagireto kamar yadda take liƙewa a haƙoran silinda idan ta haɗu da mai.

Kowanne aka zaɓa, ya kamata a tarar da injin a sanyaye ranar dubawa, domin mai sayarwa da ya riga ya ɗuma shi yana iya ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta cin mai. A na ruwa, a buɗe murfin baƙin mai: idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, akwai yiwuwar ruwa na shiga ciki. Sannan a bar shi yana aiki a tsaye har sai an ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya.