Raunin Ƙashi Iri Biyu: Na Ƙarancin Abinci da Na Ciwon Ƙoda

A Gafasa, kamar sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya, ciwo in ya shiga ƙashi akan ce sanyi ne. Yaron da ƙafafunsa suka gwame sanyi ne, dattijon da ba ya iya tashi daga sujada sai ya dafa bango shi ma sanyi ne. Alhali akwai raunin ƙashi iri biyu da suka yi kama a ido amma tushensu ya sha bamban, har abin da ke warkar da ɗaya yakan ƙara wa ɗayan wahala.

Na farko daga tukunya yake fitowa. Da kalsiyam da fosfaras ake gina ƙashi, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Dawa da gero da masara suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya gano cewa yara masu lanƙwasar ƙafa suna samun kimanin miligiram 200 kacal na kalsiyam a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Ba mamaki, domin daga rana fata ke samun bitamin D, rana kuwa ba ta yi mana rowa ba. Maganin wannan yana kusa: nono, ƙananan kifayen da ake ci har da ƙayarsu, miyar kuka, zogale.

Na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin mai shi yana iya cin duk waɗannan, ƙashinsa kuma yana ta zaizayewa. Ƙoda ba tace fitsari kaɗai take yi ba. Ita ke fitar da rarar fosfaras daga jini, ita ce kuma ke ƙarasa sarrafa bitamin D ɗin da fata ta samo daga rana, kafin ya iya sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Idan hawan jini ko ciwon suga ya cinye ta a hankali, sai fosfaras ya taru, kalsiyam na jini ya yi ƙasa. Nan take wasu ƙananan ƙululai huɗu da ke wuya, waɗanda likitoci ke kira faratayirod, su shiga aiko wa ƙashi umarni ya saki nasa kalsiyam. Yaron can rumbunsa ne ba a cika ba, wannan kuwa rumbunsa cike yake, ana ɗiba kullum ana biyan bashi. Abin takaicin shi ne kalsiyam ɗin da aka ɗebo yakan haɗu da fosfaras ya daskare a bangon jijiyoyin jini, su ƙandare, zuciya ta shiga haɗari. Ƙashi ya yi laushi, jijiya ta yi tauri. Ganin haka ya sa a 2006 ƙungiyar KDIGO ta likitocin ƙoda ta haɗa matsalar jini da ta ƙashi da ta jijiyoyi a matsayin lalura guda.

A nan ne shawarar maƙwabta ke iya cutarwa. Nonon da ke miƙar da ƙafar yaro yana ɗauke da fosfaras mai yawa, haka ma baƙin lemon kwalba, kuma ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi. Shi ya sa likita yakan ƙayyade irin waɗannan, ya ba da ƙwayar da ake sha tare da abinci don ta kama fosfaras tun a hanji. Sai kuma babbar ɓarna, wato magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ba takarda. Suna kwantar da raɗaɗi na yini, suna ƙara durƙusar da ƙoda. Maɗori zai iya ɗora karaya, amma ba ruwansa da abin da ya sa ƙashin ya karye don ɗan tuntuɓe.

A ganina na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba. Na farko yana bayyana a ƙafar yaro, kowa ya gani. Na biyu kan yi shekaru shiru, wani lokaci sai ƙaiƙayin jiki da kumburin ƙafa sun zo ake farga. Ko wankin ƙoda sau uku a mako ba ya kwashe fosfaras duka. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wankin ƙoda, ya kuma fara dashenta tun 2002, amma manomi nawa ne a Gafasa zai iya jure kuɗin da zirga-zirgar Kano?

Don haka, mai hawan jini ko ciwon suga, idan ƙasusuwanka suka fara ciwo, kada ka tsaya a kemis. Je Babban Asibitin Gaya ko mafi kusa da kai, ka nemi a auna jininka da fitsarinka a duba lafiyar ƙodarka.